Mai Goge Tabarau

"Ke ce Sa'adiya mai rubutu a jarida?"

Sa'adiya ta ɗago kai daga kwandon tattasan da take zaɓa. Wata mata ce tsaye a kanta, goyo a baya, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan riƙe da jarida a naɗe kamar muciya.

"Ni ce... lafiya dai ko?"

"Ina fa lafiya! Yarinya, me muka tare miki? Muna zaman-zamanmu kina ba mu labarin masoya, mu ji sanyi a ranmu, sai kawai ki jefa mana gawa a rijiya?"

"Ai labari ne, Yaya..."

"Labari? Ni da yanzu ko guga na zura sai gabana ya faɗi! Jiya maigidana ya dawo da magariba, wallahi sai da na tambaye shi daga ina yake. Tunda muka yi aure ban taɓa tambayarsa ba!"

Masu kayan miya na kasuwar Kawo suka tuntsire da dariya. Ita ma Sa'adiya ta so ta dara, don can ƙasan ranta daɗi ta ji. Wanda ya tsorata ai ya karanta ke nan. Amma sai matar ta matso, ta rage murya irin ragewar da kowa ke ji.

"Tsakaninki da Allah, in kin san halinsa ke nan, me ya sa za ki aure shi?"

"In auri wa?"

"Shi mai koriyar Besfar mana! Na ofishin safiyo. Duk Badarawa an san da shi kike."

Tattasan ya zube daga hannunta, ko tsayawa tsinta ba ta yi ba.

To bari in gaya muku yadda abin ya samo asali. Sa'adiya malamar firamare ce, 'yar wani babban akawu a Unguwar Dosa, kuma tun shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira take rubuta labarin soyayya a wata jaridar Hausa mai fitowa ran Laraba. Masoyanta kullum a gindin mangwaro suke haɗuwa, kullum iyaye su ƙi, kullum a ƙare da guɗa. Mata suna sonta kamar su haɗiye ta. Ita kuwa ta gaji, Allah ya sani ta gaji. Har ta kai in ta rubuta "rabin raina" sai ta ji hamma ta taso mata.

Shi ya sa bana ta juya alƙalami. Ta kawo labarin wata Aishatu da aka tsinci gawar masoyinta Husaini a wata tsohuwar rijiya a Rigachikun. Abokinsa Isma'ila, kyakkyawa mai sanyin murya, ya zo ta'aziyya, daga ta'aziyya ya zarce da neman aure. Kowane mako sai wata ƙarya tasa ta ɓullo, Aishatu kuwa ta kasa rabuwa da shi.

Edita Malam Rabe ya nuna mata tarin wasiƙun masu karatu a kwali. Rabi zagi, rabi roƙo. Wata ta ce ta daina sayen jaridar har abada, sa'an nan a ƙasa ta ƙara da cewa don Allah a gaya mata in Isma'ila ne. Duk wannan bai dami Sa'adiya ba.

Amma Labaran? Labaran ɗinta, ma'aikacin safiyo mai koren babur Besfa, da aka sa musu rana bayan Babbar Salla?

Ta shiga gida a fujajan, ta tarar da Innarta zaune a tabarma, ga kofin ruwan baƙo ba a taɓa shi ba.

"Gwaggon Labaran ce ta fita yanzu," in ji Inna, ba ta ko dube ta ba. "Mahaifiyarsa Hajiya Ladi ce ta aiko ta."

"Me suka ce?"

"Sun ce kin sa ɗansu a bakin duniya. Yara suna binsa suna ce masa mai rijiya. Sun ce ran Laraba ki wanke mutumin nan na labarinki tas, ki ce ba shi ya yi kisa ba, ki koma rubutunki na da. In ba haka ba, a ɗaga rana."

"Inna, wallahi ban taɓa sa sunan Labaran ba! Ban sa Besfa ba, ban sa safiyo ba!"

"Ni na sani? Na iya boko ne? Ke dai kika jawo. Muna cikin rufin asirinmu kika ce sai kin haƙa rijiya."

"Isma'ila shi ya kashe shi, Inna. Tun farko haka na gina labarin..."

"To ki rushe! Da labari za ki zauna ko da miji?"

Sa'adiya ta shige ɗaki, ta zauna, ta tashi, ta leƙa taga, ta sake zama. Zama ya ƙi, tsayuwa ta ƙi. Tsoro take ji, tsoro na gaske, irin wanda take ta ɗura wa matan Kaduna kowane mako tana jin daɗi.

Washegari daga makaranta ta zarce Badarawa, gidan su Kande.

Kande 'yar Malam Bitrus ce, mutanen Kagoro, tare suka yi makarantar horon malamai kafin Kande ta koma aikin tafireta a ma'aikatar lafiya. Ita ke buga wa Sa'adiya rubutunta, kuma katanga ɗaya ce tsakanin gidansu da na Hajiya Ladi.

"Dama ina nemanki," Kande ta ce, tana jan ta ciki. "Zauna. A'a, zauna tukuna, kar ki faɗi."

"Kande, ki faɗa min kawai!"

"Kin san duk Laraba bayan la'asar matan layin nan suna taruwa a tsakar gidan Hajiya a karanta musu jarida?"

"Na sani. Magajiya ke karantawa."

Magajiya 'yar ƙanwar Hajiya ce, a gidan ta tashi, ita kaɗai ce mace mai boko a cikinsu. Kuma ba wanda bai san tun tana 'yar aji shida take wanke wa Yaya Labaran hula ba tare da an sa ta ba.

"To Larabar da ta wuce ina shanya a bayan katanga, ina jin ta. Ni fa na buga babin nan da yatsuna, Sa'a, na san kowane layi. Sai na ji ta ce wai Isma'ila ya hau koriyar Besfarsa ya nufi ofishin safiyo."

"Ƙarya ne! Keke gare shi!"

"Ke kin sani, ni na sani. Su fa? Ido suke zuba mata, duk abin da ya fito bakinta a wurinsu shi ne a takarda. Har wushirya irin ta Labaran ta yi masa, don Allah ki ji!"

Sa'adiya ta dafe ƙirji. Wani sanyi ya ratsa ta, har ta yi dariya hawaye na zuba.

"Alhamdu lillahi! Ashe ba laifina ba ne. Bari Labaran ya ji wannan!"

Kai, 'yar'uwa, da ta san abin da ke jiran ta da ba ta yi saurin dariya ba.

Da yamma ya zo. Ta ji ƙarar Besfar tun daga kan kwana, ta fito da gudunta har gyale na zamewa. Yana tsaye a gindin dalbejiyar ƙofar gidansu, dogo, siriri, da farin tabarau ɗinsa, fuskar nan ba walwala.

"Masoyi, na gano komai! Magajiya ce! Ita ke ƙara..."

"Na sani."

"Ka sani?"

"Da abin ya ishe ni, na bi masu jarida na tattaro duk fitowar da aka yi, na zauna na karanta. Babu Besfa. Babu safiyo. Na san ba ke kika sa su ba."

"To shi ke nan ai! Sai ka gaya wa Hajiya..."

"Sa'adiya."

Yadda ya kira sunan cikakke, ba Sa'ata ba, shi ya tsayar mata da numfashi.

"Isma'ila yana da wata ɗabi'a. Duk lokacin da zai yi wa Aishatu ƙarya, sai ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Wannan ma Magajiya ce ta ƙara?"

Ta jingina da jikin dalbejiyar.

"Kin tuna ranar da na fara ce miki ina sonki? A nan wurin. Na cire tabarau ina ta gogewa har kika ce zan huda gilashin. Ke da bakinki kika ce kin gane ni, in magana ta yi min nauyi haka nake yi."

"Labaran, ban yi nufin..."

"Yaran da ke ce min mai rijiya ba su dame ni ba. Mutanen ofis da ke tsokanata ba su dame ni ba. Amma abin nan namu ne, ni da ke. Kika ɗauka kika ba mai kisan kai ya yi ƙarya da shi."

"Wallahi hannuna ne kawai ya rubuta! Duk namijin da na zo rubutawa, kai nake gani. Ban san wani ba, ban iya wani ba..."

"Da kina rubuta masoya ban ji komai ba. Yanzu kuwa in na kai hannu zan cire tabarau a gaban mutane sai in fasa."

Hawaye suka ɓalle mata.

"Zan canja. Zan wanke shi ran Laraba yadda Hajiya ta ce. Zan ce ba shi ba ne, in koma gindin mangwaro, in ma ka ce in ajiye alƙalami..."

"In kika wanke shi don Hajiya ta ce, kin gaya wa duk Kaduna cewa ni ne ke nan."

"To me zan yi? Ka faɗa min, me zan yi?"

"Ke ce marubuciya."

Ya buga Besfa ya tafi, ko waiwaye bai yi ba.

Kwanakin da suka biyo baya Sa'adiya ta zama abin tausayi. A aji ta rubuta lissafi a allo ta goge ta sake rubuta shi ɗin dai, yara na kallon juna. Ta ɗora shayi ta manta har tukunya ta ƙone. Ta rubuta ƙarshe ɗaya, Isma'ila ya fita fes kamar an wanke shi da sabulu, ta karanta ta ji kunyar kanta, ta yaga. Ta rubuta wani, an ɗaure shi, ta tuna fuskar Hajiya, ta yaga. In ta wanke shi ta ci amanar labarin kuma ta tabbatar da zargi. In ta kama shi an ɗaga rana. Ko ta ina ta juya, Labaran take rasawa.

Ran Lahadi da hantsi tana tsefe kai a tsakar gida, sai ta tsaya cak, mataji a hannu. Wata tambaya ce ta faɗo mata, wadda ba ta taɓa yi wa kanta ba tunda ta fara labarin. Aishatu yarinya ce mai wayo. To me ya sa ta yarda da Isma'ila tun ranar farko? Me ta gani a jikinsa?

Ta wurgar da matajin, ta shige ɗaki da kai rabi a tsefe.

Kande na dawowa daga coci ta same ta a ƙofa da takardu. Ta zauna ta hau bugawa, tana cikin bugu ta tsaya, ta share ido da bayan hannu.

"Sa'a, ba ki wanke shi ba fa."

"Ban wanke shi ba."

"Hajiya za ta ɗaga rana."

"Na sani. Ki buga kawai, kafin zuciyata ta karaya."

Laraba ta zo. Tun azahar jarida ta ƙare a Kawo, har da masu rantsuwar sun daina saye. Sa'adiya ba ta iya zaman gida ba, kuma wace budurwa ce za ta kwashi ƙafa ta shiga gidan surukai? Sai ta tafi gidan su Kande, ta raɓe a jikin katanga kusa da igiyar shanya, zuciyarta na dukan tara-tara. Kande ta jawo turmi ta kife, ta hau tana leƙe.

"Sun cika maƙil," ta raɗa mata. "Har da matar liman. Ga Magajiya can ta sha kwalli, tana buɗe jarida..."

Sai ga ƙarar Besfa.

"Wayyo! Sa'a, ga shi nan ya shigo! Ko tashi daga ofis ba a yi ba!"

Ta ji sallamarsa, ta ji matan na amsawa ana jan mayafi. Amma ba wadda ta motsa. Ranar ƙarshen labari? Ko gobara aka ce sai an ji wanda ya yi kisan tukuna.

"Magajiya, kawo in hutar da ke yau."

"A'a Yaya, ai ba komai, na saba..."

"Kawo."

Ya fara karantawa a hankali, da muryar nan tasa da ba ta gaggawa. Ya kai inda Isma'ila ya jingine kekensa a ƙofar su Aishatu.

"Tsaya," muryar Hajiya Ladi ta katse shi. "Wane keke kuma? Ina Besfar?"

"Babu Besfa a nan, Hajiya."

"Ya sayar ne?"

"Bai taɓa yin ta ba. Ga na makon jiya, ga na wancan makon, duk na zo da su. A kira duk wanda ya iya karatu a layin nan ya duba. Keke ne tun farko, kuma a kantin littattafai yake aiki."



"Magajiya," in ji Hajiya, "ashe abin da kike ba mu ke nan? Mu muna zaune kamar tumaki kina zuba mana son ranki?"

"Ta tashi!" Kande ta raɗa, har turmi na rawa. "Ta shige ɗaki da gudu, ta bar takalmi ɗaya!"

Sa'adiya ba ta ji daɗin da ta zaci za ta ji ba. Ita dai kunnenta na kan abin da ke tafe.

Labaran ya ci gaba. Aishatu ta je gaida tsohuwar Husaini a Rigachikun, tsohuwa ta ɗauko tabaran marigayin tana shafawa tana kuka. Ya karanta maganar tsohuwar:

"Ɗan nan nawa bai iya ƙarya ba. In gaskiya ta yi masa nauyi, sai ya cire wannan ya yi ta gogewa da bakin riga kafin ta fito. Isma'ila har kwaikwayonsa yake yi tun suna yara, yana masa dariya."

Muryarsa ta ɗan tsaya. Ya yi gyaran murya, ya ɗora:

"Nan Aishatu ta gane. Ba Isma'ila ta taɓa so ba. Ya san abin da ta fi ƙauna a jikin Husaini, shi ya sata ya yafa, ya zo mata da shi. Ya raba shi da ransa, bai ishe shi ba, sai da ya haɗa da ɗabi'arsa. Ta ce a ranta, Husaini ka yafe min, na bar abinka a hannun wanda bai cancanta ba. Yau zan karɓo maka."

"La ilaha illallahu!" wata ta zabura. "Ashe shi ne!"

"Ni dama na faɗa! Tun ranar ta'aziyya na faɗa!"

"Ke rufa mana baki, ba ke ce kika ce ya fi kowa hankali ba?"

Hayaniya ta kaure, wata na kuka, wata na tsine wa Isma'ila har jikokinsa. Sa'adiya ta kama zanen Kande ta ja.

"Shi fa? Me yake yi?"



"Ya ajiye jaridar... Sa'a, ya cire tabarau. Yana gogewa."

Hayaniyar ta mutu ɗif, kamar an zuba wa wuta ruwa. Kowa a gidan nan ya san wannan hannun.

"Hajiya," in ji Labaran, muryarsa can ƙasa, "ina roƙon arziki. A bar rana inda aka sa ta."

Sa'adiya ta runtse ido, ta haɗa goshi da katanga.

"Ji min mara kunya," Hajiya ta ce a ƙarshe. "A gaban mutane! Wa ya ce maka an taɓa ta? Ɗauki jaridar nan ka ƙarasa mana, mu ji ko an kama la'anannen."

Matar liman ce ta fara rangaɗa guɗa. Kande ta manta a kan turmi take, ta ɗaga hannu za ta taya ta, sai ga ta a ƙasa ita da turmin da shanyar gaba ɗaya. Ƙarar da aka yi, ko kurma ya san akwai masu laɓe a bayan katanga.

Ba a jima ba aka yi sallama a ƙofar gidan Malam Bitrus.

Sa'adiya ta fito, ido jawur, gyale a karkace. Yana tsaye da jaridar a hammata.

"Kin jefa ni a rijiya," ya ce.

"Husaini ne fa..."

"Na san ko wane ne Husaini."

Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan yatsun ƙafarta.

"Ka yafe min, masoyi. Ban iya faɗa da baki ba, shi ya sa na..."

"Na karanta, Sa'ata. Sau biyu na karanta a ofis kafin in iya tashi daga kujera. Hajiya ma ta ba ni saƙo. Ta ce in kin fara wani sabo, kar ki kuskura ki koma gindin mangwaro, wai barci yake sa ta."

Dariya ta ƙwace mata a tsakiyar kuka.

Sai ta ga ya kai hannu ya cire tabarau, ya kama bakin rigarsa. Ya hau gogewa, kamar ranar farko a gindin dalbejiya. Ba ta tsokane shi ba wannan karon. Ta tsaya ta jira.

"Ki ci gaba da tsorata su," ya ce. "Ki hana duk matan Kaduna zuwa rijiya in kin ga dama. Amma wannan..."

"Naka ne," ta ce. "Na karɓo maka."